Bakandamiyar Shata, waƙar da ba ta da ubangida

Kowane babban makaɗin Hausa yana da waƙar da in aka ambaci sunansa ita ce ke fara faɗowa a rai. Ta Ibrahim Narambaɗa ita ce Bakandamiyar da ya yi wa ubangidansa, Sarkin Gobir na Isa Amadu. Ta Alhaji Mamman Shata ma Bakandamiya ake ce mata. Amma wanda ya saurare su ɗaya bayan ɗaya zai ji bambancin da ya wuce na kotso da kalangu. Narambaɗa ya yabi fasaharsa, ya kuma yabe ta ƙwarai, sai dai a inuwar sarki ya yi hakan. Yabon sarkin ne turken waƙar, kirarin makaɗin kuwa raɓawa ya yi. Shata ya tashi tasa babu sarki, babu attajiri, babu wani mai doki ko mai mota da aka gina ta dominsa. Wanda ake wasawa tun daga farko har ƙarshe shi ne mai waƙar da kansa, shi da sana'arsa da yaransa.

Yaron yau ba zai ga abin mamaki a nan ba, tunda mawaƙan situdiyo kowa kirarin kansa yake fara yi tun kiɗa bai kankama ba. A zamanin da Shata ya taso ba haka abin yake ba. Kiɗa gado ne, yadda ƙira da jima da fawa suke gado, kuma ba gadon da ake tinƙaho da shi ba ne. Makaɗi maroƙi ne, darajar maroƙi kuwa tana rataye a wuyan wanda yake bi. Masanin nan M. G. Smith, wanda ya zauna ƙasar Zazzau yana nazarin zaman Hausawa, ya rubuta maƙala a kan roƙo a 1957, ya nuna yadda jama'a ke biyan maroƙi don ya ɗaga su, shi kuma su ajiye shi can ƙasa a jerin masu sana'a. Mutumin Katsina bai buƙatar Bature ya gaya masa wannan. Ya san inda makaɗan fada ke tsayawa ran hawan salla a Ƙofar Soro, ya san irin girman da Mamman Sarkin Taushin Katsina ya samu a zamanin Sarki Usman Nagogo, ya kuma san cewa girman nan daga fada ya fito, da sarautar da fada ta ba shi.

Shata bai gaji ko da makaɗin ganga ba. An haife shi a Musawa a 1923, mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa Lariya, Bafulatana. Uban bai so waƙar ɗansa ba ko kaɗan, don a wurinsa roƙo ne, roƙo kuwa zubar da mutuncin gida ne. Yaron ya yi tallan goro, ya yi na alewa, amma dandali ya fi ƙarfin kasuwa a zuciyarsa. A can ya fara, a wasannin samari da 'yan mata na dare, yana waƙa don nishaɗi ba don a ba shi ko anini ba. Daga baya ya koma Bakori, wurin Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa da ke aikin sayen auduga da gyaɗa, ya ci gaba da zagaya ƙauyuka da garuruwa yana wasa. A 1952 ya yi wasa a Kano a wani babban biki da aka aurar da 'ya'yan sarki, daga nan sunansa ya bar ƙasar Katsina ya shiga duniya. A 1960 ya tare a Funtuwa, can ya yi kusan shekara arba'in.

Funtuwa ba zaɓin banza ba ne. A lokacin gari ne na auduga, da injin gurzarta, da jirgin ƙasan da ya taso daga Zariya ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda, da manyan motoci masu ratsawa dare da rana. Irin garin da kuɗi ke hannun wanda bai gaji sarauta ba: ɗan kwangila, dillali, direba, mai hotal, ma'aikacin En'e. Waɗannan sababbin masu abin hannu suna son a yabe su, amma taushi da kotso da jauje ba nasu ba ne, na masu rawani ne. Shata ya zo musu da kalangu, gangar mahauta da 'yan dambe da 'yan matan dandali, ya ɗora mata yabon da a da sai a fada ake jin irinsa. Sannan ya juya ya kai kalangun nan har gaban sarakunan, suka kuwa karɓa.

Duniya ta san shi da Mamman Shata Katsina, mu ma mutanen birni muna amsa wannan suna da faɗin rai, ko da yake in za a bi gaskiya mutumin karkara ne. Musawa ta haife shi, Bakori ta rene shi, Funtuwa ta riƙe shi, Daura ta karɓi gawarsa. Bai zauna ƙarƙashin Gobarau yana jiran a kira shi fada ba. Hausarsa ma ta ƙauyukan kudancin Katsina ce, mai kauri, ba a tace ta don kunnen 'yan boko ba. Abin da birni ya ba shi suna ne, shi kuma ya kai sunan inda dawakin birnin ba su taɓa zuwa ba.

Duk wannan tarihi yana cikin Bakandamiya, ko da ba a jera shi shekara bayan shekara ba. Mutum ne da aka ce wa sana'arsa abin kunya ce, ya tashi tsakiyar fili yana yi mata irin yabon da ake yi wa sarauta.

Abin da ya fara kama kunne shi ne gindin waƙar. Masu nazari irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suna kiran amshin da ake maimaitawa gindi, baitocin da jagora ke kawowa kuma ɗiya. Gindin Bakandamiya gajere ne ƙwarai, kuma abin da ke cikinsa godiya ce, ta makaɗi da yaransa. Ka duba wannan dabara. Waƙar da ta fi kowace waƙar Hausa cika baki, an kafa ta ne a kan godiya. Jagora zai hau sama, ya ce babu kamarsa, ya ƙalubalanci duk mai ji da kansa a fagen waƙa, ya tsorata abokan hamayya, sai 'yan amshi su sauko da shi ƙasa da kalmar da kowane maroƙi ke faɗi in an miƙa masa kyauta. Da babu wannan amshi, da waƙar ta zama fankama mai gundura tun kafin a yi nisa. Da shi kuwa, kowane cika baki yana samun abin da zai danne shi, mai sauraro ya huta, ya sake shirin jin na gaba. Akwai kuma wata ƙaramar tsokana a ciki: kalmar da aka san maroƙi da ita ce ya ɗauka, ya mai da ita tutarsa, yana faɗinta da murya irin ta wanda babu mai bin sa bashin komai.

Sannan yadda jagora da 'yan amshi ke karɓeɓeniya. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mata suna lugude ya san yadda taɓarya ɗaya ke tashi daidai lokacin da ɗaya ke sauka, babu karo, babu giɓi. Haka Shata yake da yaransa. Wani lokaci ya ba su ɗa mai layi ɗaya, wani lokaci ya ja shi ya yi tsawo har ka ce ya manta da su, amma ko yaushe ya saki, suna nan. Ba ya yi musu alama da hannu yadda masu kiɗan Turawa ke yi. Saukar muryarsa ce alamar. Wannan ba ya samuwa sai ga mutanen da suka shekara da shekaru suna kwana a mota ɗaya, suna cin tuwon biki ɗaya. Kuma abin takaici ne yadda muke yawan magana a kan Shata kamar shi kaɗai ya yi waƙar, alhali shi da bakinsa ya sa yaransa a gindinta.

Kalangu kuwa ganga ce mai magana. Makaɗi na rataye ta a kafaɗa, ya matse igiyoyinta a hammata, in ya matsa murya ta hau, in ya sassauta ta sauka, ta haka take bin hawa da saukar Hausa. A Bakandamiya kiɗan ba ya gaggawa. Tafiya ce ta ƙasaita, mai nauyi, wadda ke ba jagora fili ya yi magana a tsanake. Manyan kalangai suna riƙe da taken, ƙananan ganguna suna cike tsakani, shi kuma yana yawo a kansu: wani zubin ya riga kiɗan, wani zubin ya bar shi ya wuce sannan ya cim masa. Mawaƙan yanzu da kwamfuta ke auna musu kiɗa daidai wa daida ba su da wannan sarari, don na'ura ba ta jiran kowa, ba ta kuma san mawaƙi ya ga wani a cikin taro ya canja shawara ba.

Muryar ita kanta ba mai zaƙi ba ce irin ta masu waƙar soyayya. Murya ce mai faɗi, mai ɗan kaushi, ta wanda ya saba waƙa a fili tun babu lasifika. Ƙarfinta yana ga fitar kalma. Ko a tsohon kaset da aka kwafa aka sake kwafa har kiɗan ya dushe, da wuya ka rasa abin da Shata ya ce. Kuma ya san inda zai yi shiru. Yakan jefa magana mai nauyi, ya ja baki, ya bar kalangu da amshi su zagaya sau biyu ko uku kafin ya ƙara wata, har maganar ta gama zama a zuciyar mai ji.

Harshen waƙar kuwa daga kirari ya fito. Duk wanda ya taɓa jin ɗan tauri ko mafarauci ko ɗan dambe yana wasa kansa kafin ya shiga fage zai gane dangin. Can ma mutum ne ke faɗin ko shi wane ne, yana kiran na gaba da shi, yana gargaɗin wanda zai tare shi. Al'adarmu ta yarda namiji ya yi haka a fagen jarunta, inda zai iya barin jini. Abin da ba a saba ba shi ne makaɗi, wanda aikinsa ya yi wa jarumin kirari, ya karɓe kirarin ya yafa wa kansa. Shata ya ɗauki waƙa a matsayin fagen fama, ya ɗauki sauran mawaƙa abokan karo, ya kuma nace a kan cewa tsoro da gwaninta ba sa zama a ƙirji ɗaya. A nan ne nake ganin waƙar ta wuce labarin mutum ɗaya. Makanike a bakin tasha, tela a kasuwa, malamin makaranta da albashi bai kai masa wata ba, kowa na iya jin ta ya ɗauka da shi ake, domin abin da take cewa shi ne mai sana'a ya riƙe sana'arsa da girma ko da an raina ta.

Wani abin da ya kamata mai bita ya faɗa tun da wuri: babu Bakandamiya guda ɗaya. Akwai wadda aka ɗauka a faifai, akwai ta gidan rediyo, akwai ta talabijin, akwai waɗanda aka naɗa a wuraren biki. Gindin ɗaya ne, taken kiɗan ɗaya ne, amma ɗiyan suna canjawa, wasu su fita wasu su shigo, jerinsu ya juye. Shata bai rubuta waƙa ba, kuma an san shi da cewa ba ya zama ya yi bita kafin wasa. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan wannan a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975, ya bi Shata wuraren wasa, ya duba yadda mawaƙin baka ke gina waƙa nan take daga tubalan da ya tara a ka: guntayen jimloli, kirare-kirare, salon buɗewa da na rufewa, waɗanda yake sake jerawa gwargwadon taron da ke gabansa. Wannan bai rage wa Shata komai ba. Tubali kowa na iya tarawa. Sanin wanda za a ɗora a kan wane, cikin ƙiftawar ido, gaban ɗaruruwan mutane, ba tare da kiɗa ya karye ba, shi ne abin da ya gagari sauran.

A shekarun 1970 da 1980, da kaset ya cika gari, akwai gidaje a nan Katsina, musamman na ma'aikata da malaman makaranta, da za ka tarar da kaset ɗin Don Williams ko Jim Reeves a jere da na Shata. Ba abin mamaki ba ne. Waƙar da waɗannan Amurkawa ke yi ta karkarar kudancin ƙasarsu ce, mutum da jitarsa yana ba da labarin gona da doguwar hanya da mutuwar aure da kewar gida. Har banjo, ɗaya daga cikin kayan kiɗanta na asali, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka kai irinsa can, daga dangin da gurmi da molo suke ciki. In siffa ake bi, waɗanda suka fi kama da mawaƙan nan a wurinmu su ne masu riƙe abin kiɗansu da hannunsu: Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa, Haruna Uji da gurminsa, Hassan Wayam da kukumarsa. Shata bai riƙe komai ba sai muryarsa. Amma ta wani gefen shi ya fi kusa da su. Babban gwarzon waccan waƙa, Hank Williams, wanda ya mutu a 1953 yana da shekara 29, ya yi waƙoƙin mashaya ya kuma yi na ibada, mutanensa suka karɓi duka biyun don sun san duka biyun gaskiyarsa ce. Shata ma ya yi wa mashaya waƙar da har yau wasu ba su yafe masa ba, ya kuma yi yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ake sawa a rediyo mutane su yi tsit. Bai ɓoye ɗaya don ya sayar da ɗaya ba.

Bakandamiya tana tsakanin waɗannan biyu. Ba waƙar tuba ba ce, ba kuma ta shagala ba. Mutum ne ya tsaya ya ce ga ni yadda nake, ga baiwar da Allah ya ba ni, ba zan kuma nemi afuwar kowa a kanta ba. Ana iya ƙin wannan tsayuwa, malamai da yawa sun ƙi ta, kuma suna da hujjarsu. Abin da ba a iya yi shi ne a ce munafunci ne.

To, waƙar ba ta rasa aibu ba, kuma son da muke yi mata bai kamata ya rufe mana baki ba. Na farko, sakin da ya ba ta rai shi ne kuma ke kashe ta a wasu ɗaukan. Akwai inda za ka ji ɗiya sun yi ta maimaituwa, akwai inda jagora ya bar zaren ya tafi gaida wani da ya shigo taro ya yi liƙi, waƙar ta yi sanyi kafin a dawo. Wanda ke wurin bai ji haka ba, don yana ganin abin da ke faruwa. Mai ji a kaset bayan shekara arba'in shi ke biyan wannan bashi. In aka gwada ta da Bakandamiyar Narambaɗa ta fuskar saƙa, ta Narambaɗa ta fi tsauri da daidaito, kowane ɗa an zauna an sassaƙe shi tare da 'yan amshi har ya zauna daram, kalmominta kuma sun fi zurfi. Shata ya fi shi fili da numfashi da kusanci da mai sauraro. Narambaɗa ya fi shi ƙulli. Wanda ya ce lalle sai ɗaya ya kayar da ɗaya bai saurari ko ɗaya da kyau ba.

Na biyu ya fi nauyi. Ƙarfin da Shata ke taƙama da shi a Bakandamiya ba na daɗin murya kaɗai ba ne, har da na tsoron bakinsa. Mutumin da ya yi waƙar Gagarabadau ya san zambo, ya san yadda ake ɗaukar mutum a mai da shi abin dariya daga nan har inda rediyo ya kai. Mu da ba da mu ake ba muna jin daɗin gwanintar, amma waɗanda aka yi wa suna da 'ya'ya da jikoki, kuma waƙa ba ta mutuwa tare da rigimar da ta haife ta. Ba kowace kyauta da aka ba makaɗi ce ta ƙauna ba, wata ta sayen lafiya ce. Idan Bakandamiya ta gargaɗi masu ja da shi, gargaɗin ba wasa ba ne. Ya kamata mai sauraro ya ji wannan kaifi a ciki, kada ya ɗauke ta waƙar ƙarfafa gwiwa kawai irin wadda ake sawa yara a taron makaranta.

Na uku kuma ya taɓa maganar da na faro da ita. Waƙar ba ta da ubangida, amma mai waƙar ya yi iyayen gida da yawa. Mafi yawan waƙoƙinsa na yabon mutane ne, sarakuna da hakimai da attajirai da sojoji da mata masu hali, kuma da kyautarsu ya rayu. A ƙarshe ma Sarkin Daura Muhammadu Bashar ya zama babban ubangidansa, har ya zama a Daura aka binne shi bayan ya rasu ranar Juma'a 18 ga Yuni 1999 a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Saboda haka 'yancin da Bakandamiya ke shela ba na wanda ya bar roƙo ba ne. Na wanda ya zaɓi wanda zai roƙa ne, ya je don ya ga dama, ya tashi in ransa ya ɓaci, ba kuma a naɗa masa rawanin da za a iya warwarewa ba. Wani zai ce wannan ƙaramin 'yanci ne. A ƙasar da makaɗi ke gadon ubangida yadda yake gadon ganga, ba ƙarami ba ne.

Da wannan 'yanci ne ya iya waƙa a kan abin da makaɗin fada ba zai taɓa ba. Ya yi wa sojojin tarayya waƙa lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa bayan Amurkawa sun sauka a kan wata a 1969, ya kawo wa manomin da ko jirgin sama bai taɓa shiga ba labarin da ya fi ƙarfin hankali, cikin Hausar da zai gane. Ya yi kiran 'yan Arewa su tashi su nemi na kansu, ya yi waƙar noma. Ya shiga siyasa ma da ƙafarsa, ya yi kansila, ya yi shugabancin jam'iyyar SDP a Funtuwa a jamhuriya ta uku, ko da yake wannan fage bai karɓe shi yadda fagen waƙa ya karɓe shi ba. Gwamnatin tarayya ta ba shi lambar MON, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Tun daga ranar ɗan Ibrahim Yaro, wanda aka hana waƙa don kada ya ja wa gida abin faɗa, ya zama Dokta a bakin kowa, har da waɗanda ba su san me ake yi a jami'a ba.

An yi ƙoƙari wajen adana tarihinsa. Littafin Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme da Yusuf Tijjani Albasu da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da Ali Malami suka fitar a 2006, ya tattara rayuwarsa, Ƙanƙara kuma ya ci gaba da bin waƙoƙin yana rubuta su. Amma rubutacciyar Bakandamiya rabin Bakandamiya ce, ko ma ƙasa da haka. A takarda ba ka jin inda ya ja numfashi, ba ka jin inda kalangu ya amsa masa, ba ka jin sanƙira yana kutsowa da kirari, wanda wani lokaci yana ƙara armashi, wani lokaci kuma, a gaskiya, yana hana ka jin ƙarshen magana.

Sautin kuwa yana hannun masu tura waƙa a waya. Ka je wurinsu a kasuwa ko bakin tasha ka ce a sa maka Shata, za a cika maka memori da ɗaruruwan waƙoƙi a kuɗi kaɗan, kuma wannan alheri ne, don ta haka yaran da aka haifa bayan 1999 suka san shi. Sai dai babu shekara, babu wurin da aka ɗauka, babu sunan ko ɗaya daga cikin makaɗan, wani lokaci an yanke farkon ko ƙarshen don ta shiga. Bakandamiya uku za ka samu da suna ɗaya, ba ka san wadda ta riga wata ba. Ga waƙar da duk darajarta tana ga yadda take canjawa, wannan babbar asara ce, domin da an jera su bisa shekaru, da mun ji yadda cika bakin saurayi mai neman suna ya rikiɗe ya zama na dattijon da ya riga ya samu, mun ji waɗanne ɗiya ya riƙe har tsufa, waɗanne ya yar a hanya.

Aikin bai fi ƙarfin Katsina ba. Akwai masu nazarin Hausa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, akwai tsofaffin faya-fayai a gidajen rediyo da talabijin na Kaduna da Kano da nan gida, akwai kuma masu tara kaset da suka fi kowace hukuma sanin abin da ke hannunsu. Abin da ake bukata a zauna da dattawan da suka yi zamani da shi a Funtuwa da Musawa da Bakori, a sa musu kowace ɗauka, su faɗi bikin wa aka yi ta, wa ke riƙe da babban kalangu, wa ke jan amshi, a rubuta a liƙa wa kowace. Waɗanda za su iya gane muryoyin nan da kunne ɗaya ba su da yawa yanzu.